Surukina Bai Yarda da Fenti ba

Daga Allah muka zo, gare Shi kuma ake komawa. A farkon damanar nan surukina ya riga mu gidan gaskiya, mahaifin matata, wanda duk Matameye ke kira Malamin gona ko da yake ya daɗe da ajiye aikin. Abin da na ji a wajen zaman makoki shi ya sa na zauna rubutun nan. Na ga in ban yi ba, nan da 'yan shekaru abin da zai rage daga gare shi a bakin mutane bai wuce "tsohon nan mai zargi" ba.

An shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, ƙarƙashin dalbejiya. Liman ya yi addu'a, ya ce shi shaida ne marigayi bai taɓa cin haƙƙin wani ba. Wani dattijo a bayana ya ce ƙasa-ƙasa, "Bai kuma bari an ci nasa ba." Aka yi irin dariyar nan da ake haɗiyewa. Mai goron bakin tasha ya share ido da hannun riga, ya ce, "Shekara da shekaru yana sayen goro a wurina, bai taɓa biya ba sai ya ɓare ya duba cikinsa. Ɗazu na miƙa wa wani goro, ya jefa aljihu ko kallo bai yi ba. Sai na ji kamar an raina mini sana'a."

Ba kowa ne ya zo don gaisuwa kaɗai ba. A gefen gidan akwai doguwar rumfar kwano, a ƙarƙashinta tsofaffin motoci akori-kura, waɗanda mu nan muke kira bashe. Wasu baƙin fuskoki suna cewa "Allah ya jiƙan rai" da baki, idonsu kuwa yana can cikin rumfa. Wani mai sayen tsohon ƙarfe ya zo ya fi 'ya'yan mamacin kuka. Yayan matata, babban ɗan marigayi, ya matso ya raɗa mini, "Ka ga wancan? Ba kuka yake ba, awo yake." Na gyaɗa kai. Sai na lura ni ma tun safe ba abin da nake yi sai bin idanun mutane in ga inda suka sauka. Gadon farko da tsohon ya bar mana ke nan, tun ba a zauna rabo ba.

Lokacin da yake aiki, a kan babur yake zagaya ƙauyuka, Icirnawa, Kurni, Dawce da tungayen da ke tsakaninsu, yana duba iri da ƙwari. A idonsa bashen da suka yi zamanin ɗaukar gyaɗa da 'yan kasuwa suka riƙa mutuwa ɗaya bayan ɗaya a bayan gidaje. Wata kaji suka mayar da ita akurki, wata aka cire ƙofarta aka rufe rumbu da ita. Da ya ajiye aiki, sa'o'insa suka koma zaman majalisa da kiwon raguna. Shi kuwa ya je Kurni ya jawo wata da igiya, ya yi ta fama da ita har ta tashi. Ya shafa mata farin fenti, ta zama Farar. Daga ita sai wata, sai wata.

Ba sana'a yake yi da su ba. Ba ya haya, ba ya ɗaukar fasinja. Surukata, wadda muke kira Inna, takan ce, "Tsofaffin mutane tattabaru suke kiwo, nawa matattun motoci." Gari kuwa bai yarda mutum zai yi ta shan baƙin mai a banza ba. Wasu suka ce shirin fasa-ƙwauri yake, tunda iyaka ga ta nan kusa. Maganar ta yi ƙarfi da aka ga ya ɗaga wa Farar ƙafa, ya kuma ɗaura mata wani tanki a bayan mazaunin direba. Ɗagawar saboda rairayin hanyoyinmu ne. Tankin kuwa, wata rana masu kaki suka zo suka ce a buɗe. Ya buɗe, suka sansana, suka tsoma kara.

"Ruwa ne," in ji ɗaya.

"Ruwa ne," in ji surukina, wanda mu 'yan gida ke kira Baba. "Na gidana. Ba na zuba wa inji ruwan rijiyar da ban ga an haƙa ba."

In zai je neman mota ba ya taɓa cewa mota yake nema. Sai ya shiga ƙauye yana tambayar wake ko akuya, ya zauna ya sha ruwa, ya riƙa satar kallon abin da ya kawo shi. Yakan ce, "In ka nuna wa mutum kana son abinsa, ko mushe ne sai ya ce maka barci yake." Yakan kuma ce mai wanke inji kafin ciniki shaida yake gogewa. Fenti kuwa mayafi yake kiransa. Duk abin da ya zo masa yana ƙyalli sai ya sa farce ya kankare.

Ni ma an kankare ni. Da damana noma nake, da rani in tafi Kano sayar da takalma. Ranar da na fara zuwa gaishe shi a kan maganar 'yarsa, na cire takalmi na durƙusa a bakin rumfa, ba abin da nake gani sai tafin ƙafafunsa, sauran jikin yana ƙarƙashin mota. Daga can ya riƙa jefo tambaya. A wane layi nake zama a kasuwa, wa ke hannun damana, wa ke hagu, a wane masallaci nake Juma'a. Bayan an ɗaura aure na ji ashe ya tura wani direba ya je ya duba ko da gaske ina da wurin zama. Na kuma ji ya tura wani daban ya duba ko direban ya je. Tun daga nan yake kirana Na-Kano, alhali a Matameye aka yanke mini cibi.

Tunda ina zuwa birni, ni na zama ɗan aiken kayan gyara. A kan haka muka yi saɓaninmu. Ya ce in nemo masa famfon mai irin na da. Na yi ta yawo a layin 'yan kayan mota har na samu wani a kwalinsa, yana sheƙi kamar kwanon amarya. Na kawo ina jin kaina. Ya karɓa bai ce sannu ba. Ya sansana, ya jijjiga a kunne, ya ciro 'yar wuƙarsa ya karce gindin. Tsatsa ta leƙo daga ƙarƙashin ruwan azurfar da aka fesa.

Ya ɗago ya dube ni, ya ce, "Wa ya fenta?"

Da cewa ya yi wa ya sayar maka, da ba komai. Wa ya fenta ya ce, a gaban yayan matata. Na ce, "Baba, ni takalmi nake sayarwa." Na tashi na fita. Duk waccan damanar daga zaure nake gaisuwa in juya. Matata ta gaji ta ce, "Ni da ya haifa, in na kai masa fura sai ya tambayi nonon na wace Bafillatana ce. Kai wane ne?" Ban saurare ta ba.

Bai ba ni haƙuri ba, ba ya cikin masu yi. Da kaka ta yi na gama ɗaure gero, ina tunanin amalanken da zan nema, da safe na isa gona na tarar da Farar a bakin iyakar gonar, shi yana zaune a inuwar gawo.

"Dammunan nan ba su za su kai kansu gida ba," ya ce.

Muka loda. Muna tafe a hanya, can ya ce, "Wanda ya sayar maka da famfon nan, ya kalle ka a ido?"

Na ce ya kalla.

"To ƙwararre ne. Ko ni zai iya."

Na san ƙarya ce, ba mai iya masa. Amma na gane abin da yake nufi, na karɓa.

Labarin da na fi so a riƙe shi ne na shuɗiyar motar Dawce. Tana bayan gidan wata tsohuwa, ta nutse a rairayi har gindi. Mijin tsohuwar ne ya yi rayuwarsa yana kai rake kasuwanni da ita, da ya rasu aka bar ta inda ya tsayar da ita. Baba ya yi ta zuwa da dabarunsa. Zuwan da na raka shi, mun zauna ke nan ya fara tambayar akuya, tsohuwar ta katse shi.

"Malam, akuyar da kake tambaya kullum tana bayanka. Idonka kuwa yana kan mota."

Ban taɓa ganin an kama shi haka ba. Ya yi gyaran murya ya ce gaskiya ne.

"Ba ta sayarwa ba ce. Na san abin da kuke yi. Ku kai birni, ku yanka da wuta, ku ɗora a sikeli."

Ya ce shi ba saye zai yi ba. Ta ba shi ya gyara, in ta tashi ya dawo mata da abarta.

"Kai me za ka samu?"

"In ji kukanta."

Ta daɗe tana kallonsa. Ta ce, "Mutum ba ya wahala a banza. Akwai abin da ka sani a jikinta wanda ni ban sani ba."

Ya rantse, ta ce rantsuwa ba ta da wuyar yi. Ya ce a kira mai gari ya zama shaida, ta ce mai gari mutum ne, yana mutuwa. Daga ƙarshe ta nuna Farar da muka zo a ciki, ta ce ya bar wannan a hannunta, ranar da ya kawo tata ya ɗauki tasa. Autanta, magidanci ne da iyalinsa, ya koyi tuƙi a wajen cin rani, shi zai riƙa kula da ita.

Na tabbata tashi za mu yi. Farar ko jikokinsa ba sa jingina da ita. Ya miƙe ya zagaya shuɗiyar, ya leƙa ƙarƙashi, ya dafa ta, ya daɗe a tsaye. Sai ya ce ya yarda. Amma kafin ya miƙa makulli ya ciro wani mayen ƙarfe daga aljihu, wanda ya cire daga lasifikar tsohuwar rediyo ya naɗe a ƙyalle. Ya kira autan da uwarsa, ya riƙa bin jikin Farar da shi, gaba da baya, ko'ina yana mannewa.

"Kun gani, ƙarfe ne zalla. In mota ta bugu aka cike wurin da mastik, ƙullin nan na masu gyaran jiki, aka shafe da fenti, ido ba ya gani. Wannan yana gani. In ya zo wurin sakin jiki yake ya faɗi."

Autan ya ce ya ji. Aka haƙe shuɗiyar, aka ara mata tayoyi, wata babbar mota ta jawo mu har gida. Muna zaune a cikinta ana janmu, Baba ya ce, "Matar nan tana da hankali." Ban taɓa jin ya yabi wani ba sai ranar.

Daga nan gidaje biyu suka shiga gadin juna. Baba ya daina cin abinci da daɗi. Sai ya kira ni ya ce, "Na-Kano, ka je Dawce ka tambayo mini yadda wake yake."

"Baba, ai ba ka sayen wake."

"Ka tambaya dai. Ka bi ta bayan gidan."

In na dawo sai ya tsare ni. A rana take ko a inuwa? Tayoyin da laka? Ka ga alamar an ɗora mata taki? In na ce lafiya lau take, sai ya ce daga nesa na duba. Shi ma autan, duk ranar kasuwa sai ga shi a ƙofar gida, wai wucewa ya zo yi ya ce bari ya gaida Malam. Yana gaisuwa wuyansa na miƙewa wajen rumfa.

Wani zuwan ya tarar Baba ya kwance motar gaba ɗaya. Inji a gefe, ƙofofi a jingine da bango, ƙusoshi da ƙananan ƙarafa an jera a kan tabarma, ba abin da ya rage a tsaye sai ƙashin bayanta. Autan bai ko zauna ba. Kasuwa ta gaba sai ga tsohuwar da kanta. Ta shiga ta gaisa da Inna, ta sha ruwa, ta fito ta tsaya a bakin rumfa da kwandonta.

"Ka yanka ta."

"Kwance ta na yi, Iya."

"Ina bambancin?"

"Yankakke ba ya tashi."

Ta bi kayan da kallo ɗaya bayan ɗaya. Ta sunkuya ta ɗauki sitiyarin ta saka a kwando, ta rufe da zane. Ta ce in ya gama ya zo ya karɓa a Dawce. Baba ya bi ta da ido har ta sha kwana. Na zaci zai yi faɗa. Cewa ya yi, "Da ni ne, lagireton sanyaya inji zan ɗauka. Shi ne tagulla."

Aikin ya ci damana ya ci rani. Ya kankare tsatsa har hannunsa ya yi kanta. Ya kai lagireton aka liƙe, ya zauna a wurin har aka gama don kada a musanya. Ya sa baduku ya ɗinka wa kujerar jar fata, kafinta ya yi wa bayanta sabon katako. Duk abin da na kawo daga Kano sai ya sha wuƙa, na kuma daina jin haushi. Abu ɗaya ya ƙi taɓawa. A ƙofar hagu akwai wata lotsawa mai faɗin tafin hannu. Ya gyara waɗanda suka fi ta muni, ita kuwa ya shafe ta da fenti yadda take. Na ce, "Baba, an manta nan." Ya ce, "Ba a manta ba."

Ranar da muka mayar da ita, da hantsi muka shiga Dawce, ya ara mata sitiyarin wata motar. Mutane suka fito, mata suna leƙe ta kan darni. Ya tsayar da ita daidai inda muka haƙo ta, ya kashe. Tsohuwar ta fito tana dogara sanda. Ta tsaya nesa kaɗan, ta dubi shuɗin fentin yana ɗaukar ido, ta dubi katakon, ta dubi jar kujerar.

"Ba ita ba ce."

Ta nuna motar da sandarta.

"Tawa ba ta da wannan ƙyallin. Ka sayar da tawa, ka kawo mini wata don ka rufe mini baki."

Na ji wasu a baya sun fara cewa dama sun faɗa. Na dubi Baba. Mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana tuhumar mutane, ga shi a tsakiyar gari ana ce masa macuci. Ya zagaya ɓangaren hagu ya tsaya, ya ce, "Iya, zo nan."

Ta zo. Ta ga lotsawar. Ta miƙa sandar ga wata jikarta, ta sa tafin hannunta a wurin, ya zauna daidai. Ta daɗe a haka. Daga baya ta ba mu labari cewa wani bijimin sa ne ya tunkuyi ƙofar, shekarar da mijin ya sayi motar, tana zaune a ciki da ɗanta na fari a cinya za su gidan iyayenta. Mijin ya ce ba zai gyara ba, a bar shi su riƙa tuna Allah ya tsare.

"Wa ya faɗa maka?" ta ce.

"Ba wanda ya faɗa mini. Da na kankare na ga an fenta motar nan ba sau ɗaya ba, an gyara ko'ina, ba a taɓa gyara nan ba. Na ce akwai dalili."

Ta aika aka ɗauko sitiyarin daga ƙarƙashin gadonta. Ya ɗaura shi a gaban kowa, ya tayar da injin. Tsohuwar ta juya mana baya, ta ja mayafi ta rufe fuska. Da ta juyo cewa ta yi, "Kukanta ne." Ba ta yi godiya ba. Ta ce a kawo wa Malam tasa.

Autan ya kawo Farar. An wanke ta fes, har tayoyin an goge. Ina ganin haka na tuna maganarsa a kan mai wanke inji. Baba ya ciro mayen ƙarfensa ya fara bi. Gaba ya kama, ƙofa ta kama. Da ya zo saman tayar baya ta dama, abin ya sulale ya faɗi cikin rairayi.

Autan yana tsaye, kansa a ƙasa, matarsa da 'ya'yansa suna bakin darni. Uwar ta matso, muryarta ta canza. "Malam, an taɓa maka ita? Faɗa mini." Duk wanda ya ji ya san in Baba ya ce e, a gaban garin nan za ta tsige ɗanta.

Baba ya sunkuya ya ɗauki abinsa, ya hure rairayin, ya jefa aljihu.

"Hannuna ne ya tsufa, Iya. Lafiya lau take."

Ta dube shi, ta dubi ɗanta, ta sake dubansa. Ban ce ta yarda ba. Amma ta bar maganar.

Sai da muka bar garin na ce, "Baba, ai ba hannunka ba ne."

"Na sani."

"Me ya sa ba ka yi magana ba?"

"Tun da muka iso yake kallon ƙasa. Wanda ya saba cuta a ido yake kallonka. Wannan ya daɗe ba ya barci." Ya canza giya, muka haye wani tudun rairayi. "Gobe ka zo da wuri mu kankare, in ga zurfin abin."

Ciwon ajalinsa bai daɗe ba. Da ya yi tsanani muka kai shi asibiti a Damagaram. Ko a can sai an nuna masa kwalin magani kafin ya buɗe baki. Wata la'asar, sauran sun fita salla, ya yafito ni. Na durƙusa a gefen gadon.

"Na-Kano, jar nan da ke ƙarshen rumfa."

Ita ce ta ƙarshe da yake aiki a kanta. Daga waje ta gama haɗuwa, ta fi duk sauran kyau.

"Birkinta yana kamawa da sanyi. In ta yi tafiya ta ɗauki zafi, saki yake. Ban gano dalili ba. Yayanku zai so ya sayar da ita, ita za a fara tayawa. Ban faɗa masa ba, don zai ce rigimar tsufa ce. Duk wanda ya zo saye, ka faɗa masa."

Na ce zan faɗa.

"Mutane za a ɗora a kai. Mata da kaya, ranar kasuwa."

"Zan faɗa, Baba."

Ya daɗe yana kallona, irin kallon da ya yi wa famfon nan. Ya ce, "Zan sa Inna ta tambaye ka." Ya rufe ido. Maganarmu ta ƙarshe ke nan.

Yadda ya faɗa haka aka yi. Bayan sadakar arba'in, yayan matata ya zo da wani direba mai son jar, zai riƙa jigilar 'yan kasuwa tsakanin ƙauyuka. Aka tayar da ita, aka zagaya unguwa, ya taka birki ya kama caraf. Suna shirin tafa hannu na ce ina da magana. Na faɗi abin da aka ce in faɗa, ban rage ba. Direban ya janye hannunsa, ya ce sai an gyara ya dawo.

Yaya ya bari mutumin ya tafi, sannan ya juyo. "Wa ya ji lokacin da ya faɗa maka? Kai kaɗai. Ko kai kake so a bar maka ita da araha?"

Na ce ko kyauta ba na so.

"Suruki ne kai ko magaji?"

A nan kam yana da gaskiya. Har yau gaisuwarmu ba ta wuce ta baki ba. Motar tana nan a rumfa, an kira wani bakanike yana neman dalilin.

Bayan kwana biyu matata ta ce Inna tana kirana. Tana cikin takaba, ba ta fita. Na cire takalmi na durƙusa a ƙofar ɗakinta, labule a tsakaninmu. Muka gaisa, na yi mata ya ƙarin haƙuri.

Ta ce, "Ya ce in tambaye ka."

"Na faɗa, Inna."

"To, alhamdu lillahi."

Na yi shirin tashi, sai ta ƙara da cewa, "Ya kuma ce in ka ce ka faɗa, in aika a tambayi mai sayen."

Na koma na durƙusa. Na ce, "Kin aika?"

"Tun jiya."

Na ji tana dariya a bayan labule, ƙasa-ƙasa, irin ta wadda ta daɗe ba ta yi ba. Can dariyar ta karye ta koma wani abu. Na zauna a ƙofar har ta yi shiru.

Allah ya jiƙan Baba, ya yafe masa kurakuransa, ya haskaka makwancinsa. Allah ya ba Inna haƙuri, ya daidaita tsakanin waɗanda ya bari. Mu kuma in tamu ta zo, Allah ya sa mu cika da imani.